Koren da na danna

Ni magini ne, ɗan Tibiri. Mu biyu ne maza a wurin iyayenmu, kuma duk aikin gini muka bi: yayana kafinta, ni kuwa bulo da siminti. Ya girme ni da shekara bakwai, shi ne kuma ya fara goya ni a babur zuwa Maradi neman aiki. Abu ɗaya ya bambanta ni da sauran magina: na yi lakwal, wato makarantar boko, har na taɓa kolej kafin in bari, don haka ina karanta Faransanci, ko da yake ba na iya dogon zance da shi. Wannan ɗan karatun ne ya jefa ni cikin abin da zan ba da labari.

A shekarar da ake shirin zaɓe aka ɗauke mu aiki a wani shantiye, wato wurin gini, can ƙarshen unguwar Zariya a Maradi. Ajujuwa ake ginawa, bene mai hawa biyu. Turawa ne suka ɗauki nauyin aikin, kwangilar kuma tana hannun wani alhaji da ba mu cika ganinsa ba. Wanda muke gani kullum shi ne shef, shugaban shantiyen. Dogo ne, siriri, kullum rigarsa a goge. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. In zai cuce ka, cikin lallashi yake yi, har ka yi masa godiya.

Turawan sun kafa sharaɗi: a kiyaye lafiyar ma'aikata, a kuma nuna musu shaida kowace rana. Suka aiko da wata babbar salula mai manhaja a ciki. Da safe sai a ɗauki hoton ma'aikata sanye da hular kwano da takalmi, sannan a zagaya wurin ana amsa tambayoyin da ke cikinta. Tsani yana da ƙarfi? An killace ramuka? Sandunan da ke tallafe da katako suna tsaye daidai? In lafiya, ka danna kore. In da matsala, ka danna ja, ka ɗauki hoto. Da shef ya sa lambarsa ta sirri, sai rahoton ya wuce Yamai, wurin mai duba aiki. In ja ta isa can, dole a tsayar da wannan ɓangaren har a gyara.

Shef ya tambaya wa ya iya karatu, aka nuna ni. Ya miƙa mini salular gaban kowa. Ranar na ji kaina ya yi girma. Na je gida na nuna wa Inna, na ce mata yanzu ran mutum arba'in yana hannuna.

Ban yi mako guda ba na gane yadda abin yake tafiya. Hular kwano goma sha biyu ce a shantiyen gaba ɗaya. Sai a jera mutum goma sha biyu in ɗauke su, su cire su miƙa wa na bayansu, in sake ɗauka. Da an gama a kwashe huluna a kulle a ɗakin ajiya, wai kada su lalace. Mukan yi dariya a kan haka. Ni ma na yi.

Damina ta sauka lokacin da muka kai ga zuba dal, rufin kankare na hawa na farko. Aikin yayana ne ya shimfiɗa katakon da kankaren zai kwanta a kai, ya tokare shi daga ƙasa da sandunan itacen turare. Ana gobe zuba aka yi ruwa mai yawa. Da safe yayana ya ja ni ƙarƙashin katakon, ya kama wata sanda ya girgiza. Ta motsa kamar haƙorin tsoho.

"Ka gani?" in ji shi. "Ƙasa ta jiƙe, sandunan nutsewa suke. Kuma sun yi kaɗan, rabin abin da na ce a kawo aka kawo. Sai an ƙara, a sa katako ƙarƙashin kowace. Danna jar nan taka."

Na danna ja, na ɗauki hoto uku, na kai wa shef ya sa lambarsa. Yana zaune ƙarƙashin bishiyar bedi yana shan shayi. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa ni na zauna kusa da shi.

"Kwana nawa gyaran zai ci?"

"Yaya ya ce biyu, Shef."

"Biyu. In jar ga ta isa Yamai, ba biyu ba ne, mako biyu ne, don sai sun aiko mutum ya gani da idonshi. Ka san wani babba zai zo ya ga ginin ga kafin a shiga yaƙin zaɓe. Ga injin kwaɓi an kawo, ga lebura sun taru tun asuba. Kana so ka zama wanda ya kore su gida hannu wofi?"



"Ni zan sa a ƙara sanduna ana cikin zuba," in ji shi. "Maida ta kore. Alhakin a wuyana."

Bai karɓi salular daga hannuna ba. Bai tilasta mini ba. Ni da babban yatsana na goge hotunan nan uku, na danna kore. Shi kuwa ya sa lambarsa, rahoto ya tafi. Da na koma, yayana ya tambaye ni, na ce masa an ce za a ƙara sanduna. Ban gaya masa na sauya ba.

Ba a ƙara ko ɗaya ba. Aka tayar da inji, lebura suka jeru da kwanonin kankare a ka suna hawa suna sauka. Al'adar aikin ce kafinta ya tsaya a ƙasa yana kallon katakonsa yayin da ake zuba, ko wani wuri zai ɓalle ya toshe. Yayana yana ƙasa. Wajen hantsi, an zuba fiye da rabi, na ji wata ƙara kamar an karya busasshen kara, sai wata, sai gaba ɗaya gefen gabas ya zauna. Mutum biyu da ke sama suka gangaro tare da kankaren, suka tashi da ƙujewa. Yayana ne bai tashi ba.

Da hannu muka tono shi, muna yaye ɗanyen kankare da rodi. Siminti ya cinye mini fatar yatsu, ban ji ba sai washegari. Yana da rai, idonsa biyu, bai ko yi ihu ba. Ƙafarsa ta dama ce ta niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. A asibiti likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, a ƙarshe suka yanke ta.

Bayan kwana huɗu mai duba aiki ya zo daga Yamai. Ya zauna a ɗakin ajiya, ya buɗe kwamfutarsa, aka kira ni. Shef yana tsaye a gefe. Mutumin ya juyo da allon gare ni, ga rahoton ranar, kore daga sama har ƙasa, ga sunana a kai.

"Kai ka duba sandunan?"

"Ni ne."

"Kai ka danna kore?"

"Ni ne, amma da farko ja na danna. Shef ne ya ce in sauya."

Shef ya girgiza kai a hankali, kamar mai jin tausayina. "Ranka ya daɗe, ɗan'uwanshi ne ya ji ciwo, hankalinshi ba ya jikinshi. Ni abin da ya kawo mini shi na sa wa lamba. Kuma lebura sun ce kafintan da kanshi ya buge wata sanda yana gyara."

Mai duba aiki ya tambaye ni ina hotunan. Na ce na goge. Ya rufe kwamfutarsa. A takardar da suka rubuta, laifin ya rabu biyu: kafinta ya yi ganganci, mai duba lafiya ya yi sakaci. Aka karɓi salula, aka sallame ni. Alhaji ya aiko da buhun gero da gaisuwa. Babban nan kuwa ya zo a kan lokaci, aka rufe gefen gabas da tamfol, aka ɗauke shi hoto a gefen yamma.

Sai da yayana ya dawo gida na gaya masa gaskiya. Yana kwance a zaure, na durƙusa na faɗa masa duka. Ya ce, "Ni ma na ga ba a ƙara ba, kuma na tsaya ƙasa. Tashi ka ɗebo mini ruwa." Bai sake tayar da zancen ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ba zan ɓoye ba, a watannin farko ƙarfe nake tunani. Na san inda shef yake sayen nama a Sabon Gari, na san masallacin da yake Juma'a. Na yanki guntun rodi na ajiye ƙarƙashin katifa. Matata ta gani ta kai wa Inna. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ɗa guda ya rasa ƙafa, na biyu zai tahi kaso? In ka taɓa mutumen nan da hannunka, ban yafe maka ba." Na ce mata na ji. Na kuwa riƙe maganarta daidai yadda ta faɗe ta: da hannu ta ce.

Na koma gina katangu da shaguna a Tibiri. Kowace safiya kafin in fita nakan ga yayana yana koyon tafiya da sanda a tsakar gida, ƴaƴansa suna kauce masa. Mutumin da ke hawa bene da katako a kafaɗa yana waƙa, yanzu sai an riƙe shi zai shiga bayi. Duk lokacin da na ga haka sai in ji abin ya dawo sabo. Ban bar bin labarin shef ba. Duk direban tipa da na gamu da shi, duk mai sayar da yashi, sai na tambaya yana ina yanzu.

Sama da shekara biyu ana haka, sai surukina, wanda ke da gona a fadamar Jiratawa, ya zo ganin jikokinsa. Cikin hira ya ce ana gyaran hanyoyin ruwa a wurinsu, an tona rami har bakin zogalensa, kuma shugaban aikin wani dogo ne mai sanyin magana. Na ajiye cokali. Washegari na hau babur na tafi.

Shi ne. A bakin wurin aikin an kafa allo, na tsaya na karanta shi sau biyu. Wannan karon masu aikin sun ƙara wani abu: ga lambar salula, duk wanda ya ga haɗari, ma'aikaci ko manomi, ya aika hoto kai tsaye, ba sai ta hannun shef ba.

Na riga na koyi darasi a ɗakin ajiyar nan: baki ba shaida ba ne, hoto ma in ba ya ɗauke da rana da wuri ana iya musanta shi. Na je wurin wani mai gyaran salula a Sabon Gari, ya sa mini manhajar da ke buga rana da sa'a da wuri a jikin kowane hoto. Na ce wa surukina na zo taya shi yankan zogale. Na naɗa rawani na rufe fuska kamar kowane manomi, na shiga cikin ganye, tazarar taku talatin daga ramin.

Shef bai sauya komai ba. Ranar farko na ɗauki huluna suna yawo daga kai zuwa kai. Rana ta biyu na ɗauke shi zaune a inuwa, salular aiki a hannunsa, yana danne-danne bai ko leƙa ramin ba. Yanzu da kansa yake yi, bai ba kowa ba. Ramin kuwa na binne bututu ne, zurfinsa ya wuce tsayin mutum da hannu a ɗage, ƙasar rairayi ce, ba katako ko ɗaya da ya tokare bangonsa. Mutum shida suna ciki. Motar tona ƙasa tana kai da kawowa a bakinsa.

A rana ta uku na ga tsaga a gefen ramin, doguwa, tana bin baki. Surukina ma ya gani. Ya riga ya gane abin da ya kawo ni.

"Aika musu yanzu," in ji shi.

"Baba, bai isa ba. In na aika yau, gargaɗi kawai za su yi mishi. Ina so in nuna kwana biyar a jere yana danna kore bisa wanga rami."

"In ƙasa ta rufe bayin Allah nan kafin kwana biyar fa? Su ba su da ƴan'uwa?"

Ban aika ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan, ya fi koren farko, domin wancan tsoro ne, wannan kuwa da sanina na yi. Kwana biyu na ƙara ina tsugune cikin zogale, ina kallon tsagar tana buɗewa, ina kallon mutum shida a ƙarƙashinta, amma ina so in gama da shi fiye da yadda nake so su tsira. Allah ya rufa asiri ƙasar ba ta zube ba. Ba dabarata ba ce. Surukina bai sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba har na bar garin.

Da azahar ɗin rana ta biyar na tura komai, hoto da bidiyo, na kuma yi saƙon murya na faɗi ko ni wane ne, da abin da ya faru a unguwar Zariya, har da abin da ni na yi.

Kwana biyu bayan haka wata farar mota ta tsaya a bakin aikin ba tare da sanarwa ba. Wata injiniya ce ta fito, mace mai matsakaicin shekaru, da hular kwano bisa ɗankwalinta. Ba ta gaisa da kowa ba sai da ta je bakin ramin. Ta leƙa, ta daka tsawa kowa ya fito. Sannan ta kira shef, ta buɗe kwamfuta a kan motar. Na fito daga cikin zogale na matso, na sauke rawanina.

"Wannan rahotonka ne na ranar Talata, ƙarfe takwas da rabi," in ji ta. "Ka ce an tokare bangon rami. Wannan kuma hoton ramin ne a ranar, ƙarfe takwas da rabi. Ina katakon?"

"Madam, an cire shi ne don a saukar da bututu."

"Laraba ma? Alhamis ma? Ga ka nan zaune a inuwa a sa'ar da ka ce kana zagaye."

Karo na farko da na ga lallashinsa ya ƙare. Ta karɓi salular aiki daga hannunsa a gaban lebura da manoma, ta ce ya bar wurin, kuma sunansa zai shiga jerin waɗanda ba za a sake ba amanar shantiye ba a duk aikin da suke ɗaukar nauyi. Da ya juya zai tafi sai muka haɗa ido. Ya ɗan tsaya kafin ya gane ni.

"Kai ne?"

"Ni ne, Shef. Alhakin a wuyanka, ka ce. Na kawo maka shi."

Ya hau babur ɗinsa, sai da ya taka sau huɗu kafin ya tashi. Na tsaya ina kallon ƙafarsa tana zamewa daga kan abin takawa, na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba, kuma har yau in na tuna ina jin sa. Madam ta kira ni gefe ta tambaye ni me ya sa hoton tsagar na ranar Laraba ne amma sai Juma'a na aiko. Na gaya mata. Ta juya ta shiga mota. An rufe aikin kwana goma, leburan suka zauna a gida, wasunsu har yau ba sa amsa sallamata.

Na ɗauka an gama, sai ƙasa ta juya. Sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, Turawan suka tattara suka tafi da salulolinsu da jerin sunayensu. Lambar da ke kan allon ta daina shiga. Ba a jima ba na ji shef ya samu aiki wurin wani attajiri da ke gina shaguna a Sabon Gari, inda ba mai tambayar kore ko ja.

To, mu magina da kafintoci muna da gurup a salula, inda ake sanar da aiki da rasuwa da suna. Na zuba hotunan Jiratawa a ciki. Na ɗauki hoton dungun ƙafar yayana yana barci, ban nemi izininsa ba, na sa. Na yi magana ta minti shida. Saƙon ya zagaya har ya dawo mini daga mutanen da ban sani ba. Ranar da za a zuba dal a shagunan, kafintoci suka ce ba mai shiga ƙasa in dai shi ne a kan aikin. Attajirin ba ya son hayaniya, ya sallame shi.

Bayan sallar layya sai ga shi a Tibiri, tare da wani dattijo limamin unguwarsu. Ya rame, rigar ma ba guga. Suka zauna a zaurenmu, inda yayana yake ƙera kujeru da ƙananan tebura a zaune. Liman ya yi doguwar nasiha. Shef ya ce ya yi kuskure, yana da iyali, a yafe masa.

Yayana ya ajiye zarto ya ce, "Na yafe maka tun ina asibiti. Allah ya yafe mu baki ɗaya."

Suka juyo gare ni. Liman ya ce, "Saura kai, ɗana."

Na ce, "Malam, ina ganin girmanka. Amma ya faɗi gaban mutane cewa yayana bai buge sanda ba. Ya faɗa cikin gurup, da muryarshi."

Shef ya ce in ya yi haka ba zai sake samun aiki a Maradi ba. Na ce na sani. Ya ƙi. Na tashi na bar musu zauren.

Wata uku da suka wuce wani direba ya gaya mini ya kwashe iyalinsa ya koma Damagaram, har ya samu wani gini a can. Na yi kwana biyu ina nema kafin in samu lambar shugaban kafintocin garin. Ina cikin haɗa hotunan a zaure yayana ya gane abin da nake yi.

"Ƙane, ya isa haka," in ji shi. "Ƙafata ce, ba taka ba, kuma na ce na yafe. Ka bar mutumen nan ya ci abinci."

Na ce masa to, Yaya. Na sa salular a aljihu, na taya shi riƙe katako har ya gama yanka, na share masa garin katako. Da na fita ƙofar gida na tura.